Sifana da Kekunan Ranar Asabar

A gida ba mai kiran ta Sifana sai yayanta, shi ma sai in yana neman ta da tsokana. Amma a asibitin ƙashi, a sashen da ake ƙera ƙafafun roba, tun daga mai gadi har zuwa manyan likitoci da wannan sunan suka san ta. In baƙo ya zo ya ambaci sunanta na gaskiya, sai ma'aikata su yi ta kallon juna, har sai wani ya tuna ya ce, "Au, Sifana kake nufi! Bi nan, ƙofa ta ƙarshe, inda kake jin ƙarar injin goge-goge."

Ita ce ta tsakiya a gidansu. Babanta direba ne, ya yi shekaru yana jan motar ma'aikata a wani kamfanin sabulu har ya yi ritaya. Mamanta tela ce, keken ɗinkinta na nan ƙarƙashin tagar falo, kuma da ƙararsa yaran gidan suka tashi. Sifana ta karanta aikin gudanar da ofis a kwaleji, ta fito da sakamako mai kyau. Ranar da ta kawo takardarta, Mama ta sa aka yi mata firam aka rataye a saman talabijin, kowa ya shigo sai an nuna masa.

Daga nan sai zama. Ta nemi aiki ruwa a jallo. Duk inda ta ji ƙishin-ƙishin ana ɗaukar ma'aikata sai ta goge doguwar rigarta ta je, a karɓi takardunta da fara'a, a ce za a kira ta. Wayar ba ta taɓa yin ƙara ba. Shekara ta zagayo tana shara da wanke-wanke, in ta gama ta kwanta tana latsa waya har idonta ya yi yaji. Yayanta, wanda ke sayar da kayan lantarki a shagon wani, ya sa mata suna Manaja.

"Manaja, yau ba a buɗe ofis ba ne?" in ji shi kowace safiya yana ɗaura agogo.

Da farko takan yi dariya. Daga baya ta koma ko kallonsa ba ta yi. Mama ta lura yarinyar ta zama mai saurin fushi, abu kaɗan sai hawaye, shi ya sa ta riƙa ƙirƙiro mata aike don dai ta fita ta ga mutane.

A irin wannan aiken ne, wata safiyar Asabar, ta fito sayen zare da maɓallai ta tarar da Malama a gefen titi. Malama maƙwabciyarsu ce, tana koyarwa a makarantar firamare da ke ƙarshen layinsu. Shan inna ya taɓa ƙafafunta tun tana ƙarama, don haka da keke mai taya uku take yawo, irin wanda ake juyawa da hannu. Mace ce mai baki da dariya, ɗalibanta na tsoron ta suna kuma son ta. Ranar tana zaune daf da kwata, sarƙar keken ta tsinke tana reto.

"Ƙanwata, zo nan," in ji Malama. "Kin ga motata ta mutu, direban kuma ba ya iya sauka ya tura."

"Ina za ki, Malama? In kai ki gida?"

"Gida in yi me? Wurin likitocinta za ki kai mu. In dai ƙarfinki bai ƙare a latsa waya ba."

Tafiyar da nisa, ga hawa. Kafin su isa, rigar Sifana ta jiƙe sharkaf. Wurin wata rumfar kwano ce a bayan shagon mai sayar da katako. Kekuna ne a kife ƙafafunsu a sama, tayoyi rataye a jikin ƙusa, ga warin giris da na ƙarfen da aka ƙona. Mutane na zaune a kan benci da tabarma suna jira, wasu da sanduna a gefensu, wata uwa riƙe da ɗanta wanda wuyansa ba ya tsayawa. Abin da ya fara ba ta mamaki shi ne hayaniyar wurin. Ta ɗauka za ta tarar da jugum-jugum, sai ta tarar ana musun ƙwallo.

Mai wurin wani dattijo ne da kowa ke kira Kawu. Tsohon mai walda ne. Da matarsa ta samu shanyewar ɓarin jiki, kekenta ya lalace ya rasa mai gyara, sai ya zauna ya gyara da kansa. Maƙwabta suka ji, suka fara kawo nasu. Matar ta rasu, shi kuma bai daina ba. Duk Asabar yake buɗe rumfar, ba ya karɓar ladan aiki, sai dai mai keke ya sayo abin da ya lalace in yana da hali. Akwai masu taya shi, cikinsu har da wani mai faci da ke rufe tasa sana'ar rabin yini ya zo, da wata ma'aikaciyar gashin ƙashi daga asibiti da ake kira Sista.

Kawu ya tsuguna gaban keken Malama, ya miƙo hannu baya ba tare da ya waiwayo ba.

"Ke 'yata, miƙo min sifana."

Ta dubi tarin ƙarafan da ke kan buhu, ta zaɓi wanda ya fi kama da abin arziki ta sa masa a hannu. Ya ɗaga ya duba. Filaya ce.

"Jama'a," in ji Kawu, "yau an kawo mana sabuwar sifana mai baki biyu."

Rumfar ta ɗauki dariya. Malama har da buga hannun kekenta. Kunya ta rufe yarinyar kamar ƙasa ta tsage, amma maimakon ta ja da baya sai ta tsuguna kusa da shi ta ce, "To Kawu, nuna min wacce ce." Ya nuna mata. Ya kuma nuna mata noti da boris. Ta riƙe masa taya yana ɗaure sarƙa. Da aka gama na Malama ta riƙe na wani. Sai da rana ta take sannan ta tuna da zaren Mama. Tana fita wani daga kan benci ya ce, "Sifana, sai wata Asabar!" Shi ke nan suna ya zauna.

Ita kanta ba ta iya faɗin abin da ya mayar da ita ba. Ta dai san cewa tun da ta bar makaranta, ranar ce karon farko da wani ya ce mata riƙe nan kuma riƙon ya yi amfani. Ta koma. Ta sake komawa. Ta nemi tsohuwar rigar yayanta mai dogon hannu ta mayar ta aiki.

Mama ba ta ji daɗi ba ko kaɗan.

"Ni dai ban gane ba," ta ce tana taka keken ɗinki. "Mun sha wahala kin yi karatu, ki ƙare a wankin giris? Kuma ko sisi ba a ba ki? Dubi farcenki don Allah. Wa zai ɗauke ki aikin ofis da wannan hannun?"

"Mama, ai da hannun na da tsabta ma ba wanda ya ɗauke ni."

"Ji min yarinya da baki! Ni keke, ke keke. Nawa dai yana ciyar da mu."

Baba na zaune yana sauraron rediyo. Da ma shi ba mai yawan magana ba ne. Washegari da Sifana ta buɗe ƙofar ɗakinta ta tarar da tsohon akwatin kayan gyaransa na ƙarfe a ajiye, an goge shi tas, an sa wa marfin mai. Da ta je yi masa godiya sai ya ce, "Ki riƙa ƙirga su kafin ki taso. 'Yan gyara ba sa sata, amma suna da mantuwa."

Wurin Kawu ta koyi ƙarfe. Wurin Sista ta koyi mutum. Sista doguwar mace ce mai gilashi, ba ta da wasa a kan aiki. Ita ta nuna mata cewa keke kamar takalmi yake, in bai yi wa mai shi daidai ba sai ya ci shi. Ta koya mata auna faɗin ƙugu da tsawon cinya, da yadda ake yanka soso a yi matashin zama, da yadda ake duba fatar mutum a gane inda zama ya fara yi masa rauni tun kafin ya zama gyambo. Ta kuma koya mata abin da ba ya cikin awo.

"Kada ki taɓa keken mutum sai kin nemi izini," in ji Sista. "Jikinsa ne. Kuma in za ki yi magana da shi, ki jawo kujera ki zauna. Ba wanda ke son a riƙa yi masa magana daga sama."

Sifana ta riƙe wannan. A hankali ta san kowa. Ta san mai gyaran takalmi da ke zuwa da barkwancinsa, wanda ba a taɓa gyara masa birki bai ce a ƙara masa gudu ba. Ta san wata budurwa mai karanta labarai a gidan rediyo da ke kawo ƙaninta. Ta san wanda ba ya son a tura shi, da wanda ke jin kunyar cewa matashinsa ya jiƙe. Karatunta na ofis ma ya sami wurin shiga. Ta ga mutane na yini a kan benci saboda kowa da sassafe yake zuwa, sai ta karɓi lambobin wayarsu ta riƙa raba musu lokaci. Kawu ya yi ta mita cewa an mayar masa da rumfa banki, amma da ya ga yana samun sararin shan shayinsa sai ya yi shiru.

Ta wurin kiran wayar nan ta gano wani abu. Akwai mutanen da aka gyara wa keke ko aka ba su sabo, sannan ba a sake ganin su ba. Ta kira gidan wata tsohuwa da ake ce wa Iya, surukarta ta ɗauka.

"Keken na nan lafiya lau," in ji matar. "Kaya ma muke ɗorawa a kai."

"Kaya kuma? Iya fa?"

"Ai ba ya shiga ƙofar banɗaki. Ga tudu a bakin ɗakinta. Ɗaukar ta muke yi ni da 'yata, bayana har ya fara ciwo."

Sifana ta lallaɓa Kawu suka je gidan bayan an tashi daga rumfa. Suka tarar da Iya kwance a ɗaki mai taga ɗaya, ta daɗe ba ta ga tsakar gida ba. Kawu ya auna ƙofa, ya auna keke, ya ce in aka cire abin dafa hannu aka matso da tayoyin ciki zai wuce. Sifana kuma ta koma wurin mai katako ta roƙe shi ragowar allunan da ba ya sayarwa, suka haɗa ɗan gangare a bakin ɗakin. Ranar da aka turo Iya waje, ta ɗaga fuska tana kallon bishiyar da ke tsakar gidan ta ce, "Ashe har ta yi 'ya'ya ba wanda ya gaya min." Suna tattara kaya ɗan Iya ya dawo daga aiki, wani mutum mai farar riga da jaka a hannu. Ya tsaya yana kallon uwarsa a waje. Ya yi musu godiya har bakin titi. Sifana ta amsa a gurguje don hankalinta na kan wata sukudireba ta Baba da ba ta gani ba.

Daga nan zuwa gidaje ya zama nata. Ta shiga lunguna da ba ta taɓa sanin akwai su ba. Matasan soson da take yankawa suna buƙatar riga, ta gwada ɗinka wa guda ɗaya da kanta, ta kawo wa Mama ta ce a taimaka. Mama ta juya shi ta ce, "Wa ya yi wannan ɗinkin? Ko makaho ya fi haka." Ta farke ta sake. Bayan wannan ba ta ƙara maganar farce ba, sai dai ta riƙa tambaya, "Yaron nan da wuyansa ba ya tsayawa, matashin ya yi masa?"

Ba duka ne ya tafi daidai ba. Wata ƙungiya ta zo rabon kekuna a yankin, suka nemi wanda ya san mutane. Sista ta nuna musu Sifana. Ta yi kwanaki tana yawo da su gida-gida, ita ce awo, ita ce tafinta tsakaninsu da tsofaffi, ita ce ɗaure noti. Shugabar tawagar ta yaba mata ƙwarai, har ta ce suna shirin buɗe ofis kuma za su buƙaci irinta. Sifana ta dawo gida ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Ta gaya wa Mama, Mama ta gaya wa maƙwabta. Da aka buɗe ofishin sai aka ɗauki wani mai babban digiri daga wani gari. Ita ko kira ba a yi mata ba.

Abin ya buge ta fiye da duk na baya, don wannan karon ta sa rai. Ta tura akwatin Baba ƙarƙashin gado. Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, ba ta leƙa rumfa ba. Wayarta na ƙara tana kifewa.

Sai ga Malama har gida. Ta tsayar da kekenta a tsakar gida ta gaida Mama, sannan ta ɗaga murya.

"Ina mai jinyar? A fito da ita in duba ta."

Sifana ta fito tana sunkuyar da kai, ta jawo kujera ta zauna.

"Malama, na gaji. Mutum ya yi ta yi wa mutane aiki, in abin arziki ya zo a tsallake shi."

"An tsallake ki, gaskiya ne, kuma ba su kyauta ba. Ki yi kukanki. Ni da na gama makarantar horon malamai, wurare nawa aka kalli kekena aka ce an cike gurbi? Har wani ya ce min allo ya yi min tsawo. Na ce masa a sauko da allon mana." Ta gyara zama. "Amma ba wannan ya kawo ni ba. Mai filin da rumfar Kawu take ya ce zai gina shaguna a wurin. Ya ba Kawu zuwa ƙarshen wata. Tsohon nan ya zauna ya yi tagumi, ya ce shi ke nan, da ma ƙarfinsa ya ƙare. In kin gama fushin da waɗanda ba su san kina yi ba, ga waɗanda suka san ki suna jira."

Ranar Sifana ta jawo akwatin, amma ba shi ta fara buɗewa ba, wayarta ta ɗauka. Sai a lokacin ta ga yawan mutanen da ta tara ba tare da ta yi niyya ba. Ta bi Malama wurin shugaban makarantarsu, wanda ya yarda ya ba su wani tsohon ɗakin ajiya da ke kusa da ƙofar shiga, da sharaɗin su kwashe karyayyun bencina su gyara masa waɗanda za su gyaru. Mai gyaran takalmi ya ce ɗan ƙanwarsa na da motar ɗaukar kaya. Mai katako, da ya ji za su tashi daga bayansa, ya ce shi zai yi musu teburin aiki don kada a ce ya rabu da maƙwabta hannu sake. Budurwar gidan rediyo ta sanar da sabon wurin a shirinta. Surukar Iya ta zo da tsintsiya da 'yarta. Har yayan Sifana ya zo ya ja musu wayar lantarki, yana aiki yana cewa, "Manaja, ashe dai da gaske ofis ɗin za a buɗe."

Kawu ya shigo ɗakin ya ga siminti a ƙasa da taga mai raga, ya zagaya ya dafa teburin. Bai ce an gode ba. Cewa ya yi, "Wannan teburin ya yi tsawo." Sannan ya juya baya ya ɗauki lokaci yana goge gilashin waldarsa.

Bayan wasu watanni Sista ta ja ta gefe.

"Sashen ƙafafun roba na asibitinmu zai ɗauki waɗanda za a horar. Ba aiki ba ne tukuna, koyo ne, kuma da wuya. Wanda ya yi kyau za a riƙe shi. Na ba da sunanki, na kuma faɗi abin da na gani da idona, ban ƙara ba ban rage ba. Sauran ya rage naki."

"Sista, ni fa ofis na karanta."

"Na sani. Ki je dai."

Ranar ganawar ta je. Aka kira ta cikin wani ɗaki mai dogon tebur, mutum uku na zaune. Na tsakiyar ya ɗago ya dube ta, ita ma ta dube shi. Mutumin nan ne mai farar riga, ɗan Iya. Ashe shi ne shugaban sashen. Wani sanyi ya ratsa ta, ta ce a ranta yau Allah ya kawo sauƙi. Sai ya miƙe ya tattara takardunsa.

"Na san wannan yarinyar," ya ce wa abokan aikinsa. "Ta yi wa mahaifiyata abin da ba zan manta ba, don haka bai kamata in zauna a kanta ba. Ku yi aikinku." Ya fita ya ja ƙofa.

Mutum ɗaya da ta sani a ɗakin ya tafi. Sauran biyun suka yi mata tambayoyi, wasu ta amsa, wasu ta ce ba ta sani ba. Sunayen ƙasusuwa da Turanci duk suka gudu daga kanta. Daga ƙarshe aka shigo da wani dattijo a keke aka ce ta auna shi. Nan ne numfashinta ya dawo. Ta gaishe shi, ta jawo kujera ta zauna, ta ce, "Baba, ka ba ni izini in taɓa kekenka?" Ta yi awonta. Ta kuma lura yana karkata gefe guda, ta tambaye shi ko akwai inda ke damunsa. Ya ce ƙugunsa na hagu ya kwana biyu yana zafi, bai dai gaya wa kowa ba.

An ɗauke ta. Koyon ya ba ta wuya kamar yadda Sista ta faɗa. Abokan karatunta sun fito daga fannin kimiyya, ita kuwa sai da ta koma ta fara daga tushe, tana haddace sunan kowace gaɓa tana wanke-wanke. Ta ɓata filastar ɗaukar siffar ƙafa ba adadi. Sau ɗaya ta faɗi jarrabawa ta sake. Amma hannunta ya riga ya san ƙarfe, kuma marasa lafiya na sakin jiki da ita. Da aka kammala, tana cikin waɗanda aka riƙe.

Ba ita kaɗai ɗakin Asabar ya buɗe wa hanya ba. Da asibiti ya nemi mai kula da kekunan ɗaukar marasa lafiya, ita ta ambaci mai faci, yanzu shi ke da wannan aikin. Mama na ɗinka wa sashen rigunan matashi. Matasa da suka gama makaranta suna zaune sukan zo wurin Sifana su ce ta samo musu aiki. Takan gaya musu gaskiya, cewa ba ta da aikin da za ta ba kowa, kuma zuwa ɗakin gyara ba alkawarin komai ba ne, akwai waɗanda suka yi shekaru ba abin da ya fito musu sai sanin mutane. Sannan ta ce in suna so su zo ranar Asabar da tsohuwar riga. Wasu sukan zo sau ɗaya su ɓace. Wasu suna nan har yanzu. Ita ma tana nan, sai dai in tana bakin aiki. Idon Kawu ya yi rauni, ya daina walda, amma yana zuwa ya zauna bakin ƙofa yana gyara wa kowa kuskure.

Ƙafar farko da ta ƙera ita kaɗai daga awo har gamawa ta wani direban babbar mota ce, wanda ya rasa ƙafarsa ta hagu daga ƙasan gwiwa a wani hatsari. Ƙato ne mai faɗin ƙirji, amma tun da ya fara zuwa bai taɓa haɗa ido da kowa ba. Matarsa ke amsa duk tambayar da aka yi masa. Sifana ta yi ta gwaji tana gogewa, ya sa ya ce tana cizon shi nan, ta cire ta koma kan inji.

Ranar da ta zauna daidai, ta tsayar da shi tsakanin ƙarafan dafawa guda biyu.

"Malam direba, kada ka kalli ƙasa. Kalli bangon can. Sa nauyinka a kanta, ba za ta karye ba."

Ya ɗaga ƙafar ya ajiye. Ya sake. Gumi ya keto masa. Da ya kai ƙarshe ya juyo da kansa ya dawo, a tsakiyar hanya ya saki hannu ɗaya. Matarsa ta toshe baki da gefen mayafinta.

Ya tsaya yana haki, sannan a karon farko ya dubi Sifana a ido.

"'Yar'uwa," ya ce, "wannan abar za ta taka kulocin mota?"

"Ba yau ba, kuma ba zan yi maka alkawarin babbar mota ba. Sai likita ya duba, masu ba da lasisi ma su duba. Amma akwai wani makanike da ke zuwa wurinmu ranar Asabar, yana mayar da kuloci na hannu a ƙananan motoci. Zan haɗa ku ku yi magana."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce a buɗe masa ƙofa yana so ya gwada baranda. Ya fita yana dafa bango, ma'aikata na matsa masa hanya. Matar ta bi shi da sandarsa a hannu, ta yi taku kaɗan ta dawo.

"Wannan fa? In bar muku ita a nan?"

"A'a, tafi da ita," in ji Sifana. "Zuwa yamma zai gaji, zai neme ta. Kada dai ki miƙa masa sai ya tambaya."

Matar ta rungume sandar ta bi bayan mijinta da sauri, don har ya kusa kai wa kwana.